Tausar shiyatsu ga mai fibromiyalji: tana taimako, ko in bar kuɗin yarinyar?

"Assalamu alaikum Malama. Shekarata 46, ina sana'ar ɗinki a Marwa ta Kamaru. Yau shekara huɗu ke nan jikina yana ciwo ko'ina, wuya, kafaɗu, baya, ƙugu, har tafin ƙafa. In na tashi da safe sai in ji kamar an kwana ana dukana. An yi mini maganin zazzaɓi da na taifot ba adadi, an yi ƙaho, an sha rubutu. Bara na je Yawunde, likitan gaɓoɓi ya ce fibromiyalji ce, ya rubuta mini Laroxyl. 'Yata da ke karatu a Faransa ta ce akwai wata tausar Japan mai suna shiyatsu da mutane ke samun sauƙi da ita, har tana so ta turo kuɗi in koma Yawunde in nema. Amma ni tausar da wata tsohuwa ta yi mini a unguwa, kwana uku na yi ban tashi ba. Shin wannan ɗin daban ce? Tana warkarwa? Ko in ce yarinyar ta bar kuɗinta?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da jiki, Allah Ya ba da lafiya, Ya sa kaffara ne.

Abu uku kika tambaya: ko shiyatsu ta bambanta da tausarmu ta gida, ko tana warkarwa, da kuma ko ta kai a yi mata tafiya. Ta bambanta a yadda ake yin ta. Ba ta warkarwa. Zancen tafiya kuwa zan bar shi sai ƙarshe, don sai kin ga sauran bayanin za ki yarda da ni. A wasiƙarki duka, abin da ya fi jan hankalina shi ne kwana ukun nan da kika yi a kwance bayan tausar tsohuwa, domin a cikinsu amsar take.

Ni aikina gashi da motsa gaɓoɓi ne, abin da a nan muke ce wa kine, kuma a Garwa nake. Ba likita ba ce ni, ba na rubuta magani, kuma ban yi karatun shiyatsu na masu lasisi ba. Amma danna jiki a tsaye da tafin hannu, wanda shi ne ginshiƙin shiyatsu, yana cikin abin da hannuna ke yi kullum, kuma mata masu irin ciwonki sun sha kwanciya a gabana.

Abin da ke faruwa a jikinki

Sunan cutar yana ruɗar mutane. An haɗa shi ne daga kalmomin Latin da Girkanci masu nufin ciwon tsoka da zaruruwan nama, sai mutum ya ɗauka tsokar ce ta lalace. In aka duba tsokar ba a samun rauni, gaɓoɓin ba su kumbura ba, hoton ƙashi lafiya, gwajin jini lafiya. Matsalar tana hanyar da saƙon zafi ke bi, daga fata da tsoka zuwa laka zuwa ƙwaƙwalwa. Ki ɗauki misalin mai gadin da ɓarayi suka taɓa firgita shi. Tun daga ranar, ko akuya ce ta goga jiki a ƙofa sai ya busa usur ya tashi gida duka. Ihun nasa gaskiya ne, kowa ya ji shi, barcin mutane ya yanke, amma babu ɓarawo. Haka jijiyoyinki suka zama. Taɓawar da wata za ta ji daɗinta, ke zafi take kawo miki, zafin da wata za ta ji kaɗan kuma ke ninkinsa kike ji.

Wannan abu ne da aka auna. An samu wani sinadari mai ɗaukar saƙon zafi a ruwan lakar masu cutar ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku. Tun a 1975 wani likita a Toronto ta Kanada, Harvey Moldofsky, ya nuna cewa barcinsu mai nauyi yana yankewa ba tare da sun sani ba, kuma da ya riƙa katse wa lafiyayyun mutane irin wannan barcin na 'yan kwanaki, su ma sai suka fara kukan ciwon jiki. Shi ya sa kike tashi kamar an dake ki. Shi ya sa kuma akwai mantuwa, da nauyin kai, da kasala, wasu har da ciwon kai da rikicewar ciki. A ƙasashen da aka ƙidaya, mutum 2 zuwa 4 cikin 100 ne ke da ita, kuma mata sun fi yawa a cikin waɗanda ake ganowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtuka tun farkon shekarun 1990. Na kawo wannan ne don na san abin da ake faɗa wa irinku a gida: raki ne, son jiki ne, ko kuma a ce an yi miki sammu. Cuta ce mai suna, tana wahalarwa ƙwarai, sai dai ba ta cin gaɓa, ba ta shanye jiki, ba ta kisa.

Yanzu ga abin da ya shafi tsohuwarki. A 1990 ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Amurka ta fitar da ƙa'idar gane cutar: ciwo a ko'ina na wata uku ko fiye, sannan likita ya danna wurare 18 da babban yatsa, da ƙarfin kamar kilo 4, wato daidai inda farcen mai dannawa zai yi fari. In 11 daga ciki suka yi zafi, an tabbatar. Daga 2010 an daina dogaro da ƙidayar wuraren, an koma tambayar yawan sassan da ke ciwo da gajiya da barci. Amma ki ji inda wuraren suke: gindin ƙeya, gefen wuya, tudun kafaɗa, saman allon kafaɗa, gaban ƙirji, gwiwar hannu, saman ɗuwawu, gefen ƙugu, da cikin gwiwa. Duk mai tausa ta gari, hannunta can yake zuwa da kansa, don nan ne mutane ke cewa "yauwa, nan ne". Kilo 4 kuma ba wani ƙarfi ba ne. Tsohuwar da ta saba gasa mai jego tana wuce shi ba tare da ta lura ba. Ba mugunta ta yi miki ba, ta yi abin da ke wa manomi da mai daka amfani ne, a jikin da ba ya ɗaukarsa.

Tunda likitan gaɓoɓi ne ya duba ki, ina kyautata zaton ya kawar da sauran cututtukan da ke kama da ita. Ga wasu masu karatu da za su ce ai ni ma haka nake ji, kada ku sa wa kanku suna. Raunin aikin maƙoƙo, ƙarancin jini, ciwon suga, ciwon hanta, cuta mai karya garkuwar jiki, amosanin gaɓoɓi, duk suna kawo ciwon jiki da kasala. A yankinmu na makiyaya akwai cutar da ake ce wa bakkale, wadda ake ɗauka ta ɗanyen nonon da ba a dafa ba, tana kawo zazzaɓi mai zuwa ya tafi da ciwon baya na watanni. Akwai kuma cikungunya ta cizon sauro, wadda ta ɓarke a Abeshe ta Cadi a 2020, kuma takan bar wa wasu ciwon gaɓoɓi na dogon lokaci. Kowacce da maganinta, kuma tausa ba ta cikinsu.

Mene ne shiyatsun

Kalmar Japananci ce, ma'anarta danna da yatsa. Ta fito ne daga tsohuwar tausar Japan mai suna anma, wadda ita kuma asalinta daga Sin ne. Mutumin da ya fi fito da ita shi ne Tokujiro Namikoshi, wanda ya fara tun yana yaro yana matsa wa mahaifiyarsa mai fama da amosanin gaɓoɓi, ya buɗe makarantarsa a Tokiyo a 1940. A 1964 gwamnatin Japan ta amince da ita da sunanta, kuma a can sai mutum ya yi karatun shekara uku ya ci jarrabawar ƙasa kafin ya samu lasisi. Daga baya wani mai suna Shizuto Masunaga ya fito da nasa salon, wanda shi ne ya fi yaɗuwa a Turai, mai yiwuwa ma shi 'yarki ta gani. Masu wannan salon suna bayani da wani ƙarfi da suke kira ki, wanda suke cewa yana gudana ta wasu hanyoyi a jiki. Masu ilimin sassan jiki ba su ga waɗannan hanyoyin ba, ni ma ba da su nake aiki ba. Abin da hannu ke yi ne ya dame ni, kuma a aikin hannun ba a karanta komai, ba a kiran sunan kowa.

Ga yadda ake yi. Mutum yana kwance a kan shimfiɗa a ƙasa, da kayansa a jiki, ba mai, ba murza fata. Mai yin aikin yana ɗora tafin hannu ko babban yatsa, ya jingina nauyin jikinsa a hankali, ya tsaya na 'yan daƙiƙoƙi, ya ɗaga a hankali, ya matsa gaba kaɗan. Yana bin numfashin wanda ke kwance, yana danna lokacin fitar da numfashi. Akan haɗa da miƙar da hannu da ƙafa a tausashe. Zama ɗaya yakan kai kusan awa guda. Tausarmu kuwa murza ce da matsa da ja, da man kaɗanya ko man zafi, a nemi inda ya ƙulle a murƙushe shi, wani lokaci ma a sa yaro ya hau baya ya tattaka. Mun kuma taso da cewa in bai yi zafi ba bai yi aiki ba.

Abu biyu na shiyatsu sun dace da ke. Na farko, dannawa a tsaye ba ta jan fata, ga shi masu fibromiyalji da yawa gugar fata ta fi damunsu. Na biyu, ba a tuɓe kaya, wanda ga matanmu ba ƙaramin sauƙi ba ne, kuma jikin da ke jin kunya ba ya sakewa. Amma kada sunan ya ruɗe ki. Akwai masu shiyatsu da ke sa gwiwar hannu, har da gwiwar ƙafa, su danna da ƙarfin gaske. In kika faɗa hannun irinsu, kwana ukun nan za su dawo.

Dalilin da zai sa dannawa mai sauƙi ta rage zafi sananne ne. In kika buge gwiwar hannu a ƙofa, me kike yi? Shafawa. A 1965 wasu masana biyu, Melzack da Wall, suka bayyana cewa saƙon taɓawa da saƙon zafi suna haɗuwa a laka, kuma na taɓawa yana iya rage wa na zafi hanya. Ban da wannan, kwanciya shiru da jan numfashi a hankali da hannu mai ɗumi suna saukar da bugun zuciya, su saki tsokar da ta ɗaure saboda tsoron ciwo. Wanda ya samu haka da dare yakan fi yin barci, wanda ya yi barci kuma yakan tashi da sauƙi. Wato ana lallashin mai gadin nan ne ya zauna na ɗan lokaci. Ba a canza shi ba.

Abin da bincike ya nuna

Binciken da aka fi ambata kan shiyatsu da fibromiyalji an yi shi ne a Jami'ar Sawo Paulo ta Barazil, aka buga a 2013. Mutum 34 ne, aka raba su 17 da 17. Rukuni ɗaya aka yi musu shiyatsu na jiki duka sau biyu a mako har mako takwas, ɗayan rukunin aka ba su ɗan littafin shawarwari. Waɗanda aka yi wa shiyatsu sun fi samun sauƙin ciwo, barcinsu ya gyaru, kuma sun fi jure dannawa. Labari ne mai daɗi, amma ki duba shi da idon mai auna yadi. Mutum 17 kaɗan ne. Sannan an gwada wanda aka kula da shi sau 16, ana taɓa shi ana tambayarsa jiki, da wanda aka miƙa wa takarda aka ce ya je gida. Ko wace irin taɓawa ce mai kyau tana iya cin wannan gasar. Su kansu masu binciken gwajin farko suka kira shi. Da aka tattara binciken tausa iri daban-daban a 2014, an ga cewa in an yi ta mako biyar ko fiye tana rage ciwo da damuwa a lokacin da ake yin ta, sai dai hujjar ɗorewar amfanin bayan an daina ba ta da ƙarfi.

Ƙungiyar likitocin gaɓoɓi ta Turai ta sabunta shawarwarinta kan wannan cuta a 2017, bayan ta duba magunguna da hanyoyi masu yawa. Abu ɗaya tak ta ba wa goyon baya mai ƙarfi, motsa jiki. Tausa ba ta samu shiga cikin abin da suka ba da shawara a yi ba, don hujjarta ta yi rauni. Ni ban ɗauki wannan a matsayin haramci ba. Na ɗauke shi a matsayin jeri: motsa jiki da barci su ne tuwo, tausa miya ce, kuma ba a ƙoshi da miya.

Abin da na gani da hannuna

Ni ma na taɓa yin irin kuskuren tsohuwar, da takardar shaidata a bango. Farkon fara aikina wata mata mai sayar da atamfa ta zo da ciwon kafaɗu. Na taɓa na ji tudun kafaɗar ya yi tauri, na sa babban yatsa na danna sosai kamar yadda nake wa masu ɗaukar kaya. Tana cije leɓe ina cewa ta yi haƙuri, yanzu zai saki. Mako biyu ban gan ta ba. Da ta dawo ta ce mini kwana biyu ko ɗaura ɗankwali ba ta iya ba, sallah ma a zaune ta yi. Kunya ta hana ta ce mini in tsaya, ni kuma ban tambaya ba. Tun daga nan, kafin in taɓa mai irin wannan ciwo sai mun yi yarjejeniya da baki, in ce mata faɗin "ya yi zafi" taimakona ne, shiru kuma cutar da mu biyu ne. Matanmu an hore su da dauriya tun daga ɗakin haihuwa, kuma a nan dauriyar ce ke kayar da su.

Waɗanda na bi da su a hankali, sakamakonsu ya rabu. Akwai masu cewa daren da aka yi musu sun yi barcin da suka daɗe ba su yi ba, sauƙin ya kai kwana ɗaya ko biyu. Akwai waɗanda ba su ga bambanci ba. Akwai kuma waɗanda ko nauyin tafin hannu ba sa ɗauka, su sai mu bar taɓawa mu koma ruwan ɗumi da tafiya. Ban taɓa ganin wadda tausa kaɗai ta raba da cutar ba. Waɗanda suka fi samun kansu su ne waɗanda suka yi amfani da ɗan sauƙin da tausar ta ba su suka fara takawa.

In za ki gwada, ko da wa za ki yi, ga ƙa'idar da nake bi. Zaman farko kada ya wuce minti 15 zuwa 20. Ki auna zafi daga 0 zuwa 10, kada dannawar ta wuce 3. A fara da inda ba ya ciwo sosai, kamar hannuwa da ƙafafu, kafin a kusanci wuya da kafaɗa. Tafin hannu za a sa, a bar babban yatsa sai jiki ya saba, gwiwar hannu kuwa babu ita sam. In kwanciya rub da ciki tana takura ki, ki kwanta ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi. Alƙalin gaskiya shi ne washegari. Ɗan tsamin jiki da ya wuce cikin yini ba komai. In ciwon ya ƙaru ya kai kwana biyu, an yi yawa, sai a rage rabi a zama na gaba. Ki samu ɗan littafi, irin wanda kike rubuta awon masu kawo ɗinki, kullum ki rubuta lambar ciwo, da sau nawa kika farka, da awa nawa kika iya zama a kan keke. Bayan zama shida zuwa takwas ki duba. In lambobin ba su motsa ba, ki daina kashe kuɗi.

Akwai lokutan da ba a tausa ko mai sauƙi ce: in akwai zazzaɓi, in sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi don yana iya zama gudan jini, a kan rauni ko ƙurji ko jijiyoyin ƙafa da suka fito suka murɗe. Mai shan maganin tsinka jini, da mai raunin ƙashi, da mai ciki, da mai ciwon daji, sai sun tambayi likitansu. Gefen wuya ta gaba, inda jijiya ke bugawa, ba a danna shi ga kowa. In kuma kika ga rama ba dalili, ko gumin dare, ko gaɓa ta kumbura ta yi ja, ko ƙafa ta mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan ba fibromiyalji ba ce, asibiti za ki nufa. Ƙaho da tsaga kuwa ki bar su haka nan. Babu mugun jinin da za a zuƙe a wannan ciwo, ga haɗarin askar da ta taɓa wani, a yankin da ciwon hanta ya yi yawa.

Abin da za a iya yi a gida

Hannun da kike buƙata yana iya kasancewa a cikin gidanku. Ki samu ƙanwa ko 'ya mai haƙuri. Bayan sallar isha'i, in lokacin hunturu ne ki fara watsa ruwan ɗumi, in kwanakin zafin Maris da Afrilu ne ki jira iska ta ɗan sauka. Ki kwanta a katifa marar laushi sosai. Ta durƙusa kusa da ke, ta ɗora tafin hannunta a gefen ƙashin baya, ba a kansa ba, ta miƙe gwiwar hannunta. In kin fitar da numfashi ta jingina kaɗan, ta ƙirga biyar a zuci, ta ɗaga a hankali, ta sauka faɗin tafin hannu ɗaya. Daga kafaɗa zuwa ƙugu, gefe ɗaya sannan ɗayan, sai cinya da tafin ƙafa. Kada ta murza, kada ta yi sauri, ke kuma ki riƙa gaya mata. Ba zan kira wannan shiyatsu ba, masu ita shekaru suke yi suna koyo, amma abin da jikinki zai amfana da shi yana ciki. In kika samu kine a Marwa ta nuna muku sau ɗaya ko biyu, ya fi.

Sai tuwon. Ki fara tafiya bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga, minti biyar kawai, ko da a tsakar gida ne. Duk bayan kwana uku ko huɗu ki ƙara minti ɗaya ko biyu, har ki kai minti 20 zuwa 30 a yawancin kwanakin mako. Makonnin farko jiki zai yi ƙorafi, wannan ba alamar lalacewa ba ce. Tarkon da kowa ke faɗawa shi ne ranar da aka tashi da sauƙi, sai a yi wanki da shara da girki da ziyarar da aka tara, a kwanta kwana uku. Ki tsaya tun kina da sauran ƙarfi.

Sana'arki ma sai mun taɓa ta. Zama a sunkuye a kan keke awa uku ba tashi yana ɗaure wuya da kafaɗa ko ga mai lafiya. Ki riƙa miƙewa duk bayan minti 20 zuwa 30. Na kuma san yadda teloli ke kwana a zaune goman ƙarshe na azumi da gab da babbar sallah, ana shan shayi mai kauri ana cin goro don kore barci. Ga mai fibromiyalji wannan shi ne gwajin Moldofsky da kika yi wa kanki da hannunki. Ki rage karɓar ɗinkin sallah, ko ki sa ranar rufe karɓa da wuri, ko ki ɗauki mai taya ki. Na san kuɗin shekara a nan yake, amma mako biyun da za ki yi a kwance bayan sallah su ma asara ce. Shayi da goro da Nescafé kuma ki tsayar da su daga la'asar.

Game da Laroxyl, ki ci gaba yadda likita ya rubuta. In an karanta miki takardar cikin kwalin za ki ji maganin ciwon damuwa ne, kada ranki ya ɓaci. A ƙaramin awo ana ba da shi ne don barci da rage kaifin jijiyoyin zafi. Yana busar da baki, yana iya ɗaure ciki, yana sa nauyin ido da safe, shi ya sa ya fi kyau a sha shi awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya. Kada ki ƙara da kanki, kada ki yanke shi rana ɗaya. Abin da nake roƙonki da shi shi ne ki guji tramol na bakin titi. Kin san yadda ya yi wa samarin Marwa da Garwa, kuma haɗa shi da Laroxyl yana iya kawo farfaɗiya da wasu matsaloli masu haɗari. Diklofenak da ibuprofen ba su cika taɓa wannan ciwon ba tunda babu kumburi, ga su da cin ciki da ƙoda, balle a zafinmu da jiki ke bushewa. Deksa ma ba ta da aiki a nan, sai raunana ƙashi da tayar da suga.

Zancen tafiya

Ki lissafa da ni. Daga Marwa mota zuwa Garwa, daga nan zuwa Ngaundare, kusan kilomita 500 ke nan, sannan jirgin ƙasa na kwana zuwa Yawunde. Wannan zaman kaɗai ya isa ya tayar miki da ciwon na kwanaki. Sauƙin da aka gani a binciken Barazil kuma zama 16 ne cikin wata biyu, ba zama ɗaya ko biyu ba. Wato wata biyu a gidan mutane, shago a rufe, ga kuɗin kowane zama, sannan ki dawo ta wannan hanyar dai, amfanin kuma ya fara gushewa bayan an daina. Ban ga ribarsa ba. In dama za ki koma ganin likitanki, ko Allah Ya kai ki wajen 'yarki, to ki gwada a can. Ki tambayi mai yin aikin inda ya koya da tsawon lokacin da ya yi, ki tambaye shi ko ya taɓa aiki da mai fibromiyalji, ki gaya masa ƙa'idar lamba 3. Wanda ya ce miki sai an sha zafi ake warkewa, ko ya ce zai raba ki da cutar, ko ya ce ki ajiye maganin likita, ki ɗauki mayafinki ki fito.

Ban gan ki ba, ban taɓa jikinki ba, don haka duk abin da na faɗa ki auna shi da abin da likitan da ya duba ki ya ce. Yarinyar kuma kada ki ce ta bar kuɗinta, so take ta yi wani abu daga nesa, kuma hana ta zai dame ta. Ki ce ta turo a saya miki takalmin tafiya mai taushi, a gyara kujerar ɗinki ta samu majingina, a biya zama kaɗan wajen kine a can Marwa, abin da ya rage a ajiye na komawa wajen likita. Ki gaishe ta, Allah Ya yi mata albarka. In kin cika mako takwas da littafin nan, ki turo mini lambobin mu duba tare.